Kajiji iri uku a wani shagon kayan ƙamshi na kasuwar Gadarif

A layin masu kayan ƙamshi na babbar kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan, akwai shagon wani dattijo Bahaushe, wanda iyayensa suka taso daga Mai Wurno, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Matan unguwanninmu sun daɗe suna zuwa wurinsa sayen kayan haɗa turaren wuta da humra, wato sandal da farce da mahalab da kanumfari da itacen dushe, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira ɗalha. Duk waɗannan ana samunsu a shagunan da ke dama da hagu da shi, kuma farashin bai bambanta sosai ba. Inda ya fita daban shi ne wajen saiwar kajiji, domin a maimakon buhu ɗaya da ake gani a sauran wurare, shi buhu uku yake ajiyewa, kowanne da sunansa da farashinsa: na ruwa, na gona, da wanda yake kira na daji. Na sayi dukkan ukun, na wanke, na shanya, na daka, na gwada su a garwashi, kuma abin da na gani shi ne biyu sun cancanci kuɗinsu, na ukun kuwa, wanda ya fi kowanne tsada, bai cancanta ba. Dalilin yana tattare da yadda kowace ciyawa take rayuwa da irin ƙasar da take fitowa a cikinta.

Ciyayin nan uku 'yan gida ɗaya ne da aya wadda muke yin kunu da dakuwa da ita. Masana tsirrai suna kiran gidan Cyperaceae, kuma sun ƙidaya masa nau'i fiye da 5,000 a duniya, daga cikinsu har da bardin da ya cika fadamun Sudd a Sudan ta Kudu, wanda mutanen tsohuwar Masar suka yi takarda da shi. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ciyawa ce irin gamba ko tofa, amma idan ya murza karan tsakanin yatsunsa zai ji yawancinsu kusurwa uku gare su, ba su da gaɓoɓin da ake gani a karan dawa ko gero, kuma ganyen yana fita ne ta fuska uku. Furanninsu ƙanana ne marasa ado, iska ce ke ɗaukar garinsu daga wannan zuwa wancan. Abin da ya shafi mai saye shi ne ɓangaren da ke ƙarƙashin ƙasa, inda ciyawar take ajiye abinci da mai, domin shi ake haƙowa a busar a kawo kasuwa, kuma da zarar an yanke kara da ganye sai saiwoyin nau'o'i da dama su yi kama da juna a idon wanda bai saba ba.

A nan ne mai shagon ya yi abin da ya cancanci yabo. A bakin kowane buhu yana ɗaure ɗan damin busasshen karan ciyawar da aka ciro saiwar daga jikinta, ta yadda mai saye zai iya dubawa da kansa. Ban ga wani a layin yana yin haka ba.

Buhun farko, na ruwa, shi ne kajijin da iyayenmu mata suka sani, wanda masana ke kira Cyperus articulatus. Shi ya saɓa wa 'yan gidansu, domin karansa zagayayye ne, ba shi da kusurwa, kuma kusan ba shi da ganye sai ɗan kube da ke lulluɓe da gindinsa. A cikin karan akwai shamakai sirara a jere, waɗanda ba sa bayyana sosai yana ɗanye, amma idan ya bushe aka bi shi da farce za a ji su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce alamar da ba ta ƙarya, kuma na same ta a damin da ke bakin buhun. Ciyawa ce ta bakin tabki da fadama da magudanar ruwa, tana son gindinta ya kasance cikin ruwa marar zurfi ko cikin taɓo, kanta kuma cikin rana, tsayinta yakan wuce mita ɗaya, kuma a wurare da yawa ana saƙa tabarma da karanta. Saiwarta tana rarrafe ne a kwance cikin laka, mai tauri, launinta tsakanin ja da ƙasa-ƙasa, da kumburi nan da can. Wadda na saya tana ɗauke da ragowar baƙar laka a lungunanta, kuma da na fasa ɗaya cikinta fari-fari ne, a bushe ƙayau, babu ramin ƙwaro babu warin fumfuna.

Ƙamshinta tun kafin a sa wuta yana fita, ƙamshi mai nauyi irin na itace, da ɗan yaji a bayansa. A kan garwashin da ya riga ya yi toka tana ci a hankali, hayaƙinta ba ya shaƙe mutum, kuma yana kama tufafi ya kwana. Da na haɗa garinta da sandal da sukari da turaren ruwa kamar yadda aka saba, ta riƙe sauran kayan, ba ta danne su ba, wanda shi ne aikin da ake nema daga kajiji a haɗin turare. Ba mu kaɗai muka san darajar wannan ciyawa ba, domin tana fitowa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da Amurka, kuma a yankin Amazon na Barazil, inda ake kiranta priprioca, ana nomanta ana tatsar manta don masana'antun turare. A wajenmu dai sunanta ya tafi ne tare da Barno da gaɓar tabkin Cadi, inda matan Maiduguri suka yi fice da haɗin turaren wuta.

Mai shagon ya ce da can kayansa ta yamma suke zuwa, daga Cadi ta Abeshe da Adare da Jinaina, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 hanyar ta toshe masa, yanzu kuma yawancin abin da yake samu ana haƙo shi ne a fadamun da ke kusa, ta wajen kogin Rahad. Da na tambaye shi ko yana sayar da na nan da sunan na Barno, sai ya ce: "'Yata, wanda na ce miki na Barno ne, to na Barno ne, kuma ya ƙare tun bara. Wannan na ƙasar nan ne, ki shinshina ki yanke hukunci da kanki." Na shinshina, kuma a ganina na nan ɗin bai kai wancan kaurin ƙamshi ba, amma bai yi nisa da shi ba, kuma gaskiyar da ya faɗa ta sa na ƙara yarda da shagon.

Buhu na biyu, na gona, shi ne wanda Larabawan Sudan ke kira si'ida, mu kuma muke ce masa jiji ko aya-aya, sunansa a littattafai Cyperus rotundus tun daga 1753 da Linnaeus ya rubuta shi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a gonakin ban ruwa na Jazira ko na Rahad ya san shi, kuma ba sanin alheri ba. Gajeriyar ciyawa ce, da wuya ta wuce gwiwa, mai kara kusurwa uku da ganye mai sheƙi da fure ja-ja mai duhu, amma ƙarfinta yana ƙasa, inda take jera ƙwayoyi baƙaƙe a kan siraran jijiyoyi, wannan na haifar wancan. Idan aka tsinke jijiyar da garma ko fartanya, kowace ƙwaya sai ta farka ta yi toho, shi ya sa noman da ake yi don kashe ta yakan ƙara yawanta idan ƙasa na da laima. Wani ƙiyasi da masana ciyayi suka wallafa a 1977 ya sa ta a sahun farko na miyagun ciyayin duniya, inda ya nuna tana cutar da amfanin gona iri 52 a ƙasashe 92. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka fara ban ruwa a Jazira, manoman auduga suke fama da ita. Abubuwa biyu ne ke karya ta: inuwa mai kauri, domin ciyawar rana ce, da kuma fito da ƙwayoyin sarari a lokacin bazara har zafin rana ya busar da su.

Wannan ciyawar da manomi ke zagi tana da tsohon tarihi a ƙasar nan. A 2014 masu binciken kayan tarihi suka wallafa sakamakon aikin da suka yi a Al Khidai, a gaɓar Farin Nilu kudu da Omdurman, inda suka bincika dattin da ya daskare a haƙoran mutanen da aka binne a wurin, suka gano cewa sun riƙa cin ƙwayar si'ida tsawon dubban shekaru, tun kafin noma ya zo har bayan zuwansa. Masu ilimin sinadarai kuma daga ƙwayarta suka fara ciro wani sinadari da suka raɗa wa suna rotundon, wanda daga baya aka gano shi ne ke ba baƙin barkono na Indiya wani sashe na ƙamshinsa. Wanda ya daka ta zai gane haka, domin ƙamshinta kaifi gare shi, yana hawa hanci da sauri, ba shi da zaƙin kajijin ruwa, kuma a harshe ɗaci ne da ita.

A shagon farashinta bai kai rabin na ruwa ba, kuma a wannan farashin ta yi. Ba ta isa ta zama ginshiƙin turare ita kaɗai ba, domin hayaƙinta yana saurin wucewa kuma yakan bar ɗan ƙauri idan garwashin ya yi zafi da yawa, amma a haɗin dilka da humra ta cika aikinta. Ƙorafina biyu ne. Na farko, a cikin ratal ɗin da na saya, wato awon nauyin da ake sayarwa da shi a nan, akwai ƙwayoyi da dama da ba su gama bushewa ba, suna lotsawa idan an matsa, kuma irin waɗannan su ne ke jawo fumfuna a sauran, sannan idan aka watsar da su a tsakar gida inda ruwan wanke-wanke ke bi za su tsiro, fitar da su kuma aiki ne. Na biyu, ciyawa ce ta gonakin da ake fesa wa magani, don haka ya kamata mai shago ya san gonar da aka haƙo ta. Ya ce tasa daga gonakin bakin kogi take, na masu kayan miya, amma wannan magana ce ta fatar baki, kuma wadda za ta shafa abin a jikin amarya tana da haƙƙin ta wanke shi sosai kafin ta daka.

Buhu na uku shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ana sayar da shi da sunan kajijin daji, a kusan ninki biyu na farashin na ruwa, bisa hujjar cewa daga dazuzzukan kudancin Shuɗin Nilu ake kawo shi, daga ƙarƙashin bishiyoyi, inda ba noma ba taki ba feshi. Maganar tana da daɗin ji, amma ta ci karo da halin ciyawar, domin kajiji na gaskiya ba ya rayuwa a tudu ƙarƙashin inuwar itatuwa. Ana iya samunsa a cikin daji, amma sai a inda ruwa ke kwanciya. Gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, misali ne mai kyau na yadda wuraren biyu suke maƙwabtaka ba tare da sun gauraya ba: akwai dajin dushe da aduwa a kan baƙar laka, akwai kuma kwaruruwan da ake kira maya, waɗanda ke riƙe ruwa har cikin rani, kuma ciyayin da ke cikin maya daban suke da na ƙarƙashin itatuwan da ke kewaye da ita. Da a ce abin da ke buhun daga irin wannan kwari aka haƙo shi, da kajijin ruwa ne kawai aka canza wa suna. Amma damin karan da mai shagon ya ɗaure a bakin buhun da hannunsa ya nuna wani abu dabam, domin karan siriri ne mai kusurwa uku, da ganye sosai a gindinsa, babu shamaki ko ɗaya a cikinsa.

'Yan gidan aya da ke zaune a dajin itatuwa suna da tasu rayuwar, wadda ta sha bamban da ta 'yan uwansu na fadama. A irin dajin marke da taramniya da baushe, inda ruwa ke sauka wata huɗu ko biyar sannan rani ya biyo da gobara, ƙananan ciyayin nan sukan yi toho da ruwan farko, su yi sauri su yi fure su zuba iri kafin dogayen ciyayi su rufe su, sannan abin da ke sama ya bushe. Abin da ke raya su har wata daminar shi ne gindi mai kumburi, lulluɓe da tsofaffin kuben ganye da suka zama zare-zare, waɗanda ke kare idon toho daga wuta da fari. Akwai kuma wasu dangin, irin su Scleria, masu ganye a jikin kara har sama, gefen ganyen da kaifi yana yanka hannu, 'ya'yansu kuma ƙanana ne masu tauri da sheƙi, galibi farare. Idan aka gangara can kurmin Kamaru da Kongo, inda rana ba ta cika kai wa ƙasa ba, sai a tarar da Mapania da Hypolytrum, masu faffaɗan ganye da ke kama ɗan hasken da ya ratso. Duk waɗannan ciyayi ne masu ban sha'awa ga mai nazari, amma cinikin ƙamshi a duniya bai ginu a kansu ba. A gidan nan, waɗanda ake nema don ƙamshi su ne masu son ƙasa mai laima: kajijinmu, da si'ida, da nagarmota ta Indiya wadda ake tatsar manta a garin Kannauj.

Abin da na zazzage daga ƙullin da na saya ya dace da siffar mazauna tudu. Gindaye ne gajeru masu kumburi, kowanne a cikin rigar zare, wasu bakinsu baƙi ƙirin da alamar gobarar bara, kuma ƙasar da ta fita daga jikinsu a ruwan wanki ja ce mai tsakuwa, ba baƙar laka ba. Bayan na ɓare zaren, abin da ya rage bai kai rabin nauyin da aka auna mini ba. A turmi ya ƙi dakuwa, sai ya koma kamar soson wanka, ya toshe rariya. A garwashi kuwa ya ba da hayaƙi mai yawa da ƙaurin busasshiyar ciyawa, ƙamshin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne, kuma bai kama tufa ba. Akwai ɗan ƙamshin da ake ji idan an buɗe buhun a shago, amma bayan wanki da shanya ya tafi, abin da ya nuna cewa daga maƙwabtansa ya aro shi, domin buhun yana jingine ne tsakanin na sandal da na kajijin ruwa.

Ba na zargin dattijon da ha'inci, domin mai niyyar ha'inci ba zai rataye shaidar da za ta tona shi a bakin buhu ba. Da na nuna masa bambancin karan biyu, ya karɓa ya jujjuya, ya ce: "Haka masu kawowa suke kiransa, kuma akwai masu nemansa." Na ce: "Baba Alhaji, masu nemansa sunan suke saye." Ya yi dariya, bai musa ba, amma bai sauke farashin ba, kuma bai karɓi abin da ya rage a hannuna ba, domin ƙa'idar shagon ita ce abin da aka auna ba ya dawowa.

Ta fuskar mu'amala shagon ba shi da laifi mai yawa. Sikelinsa daidai yake, domin na sake aunawa a wani wuri ban ga tawaya ba. Akwai kasko da garwashi a gefe, kuma yana barin mai saye ya gwada kafin ya biya, abin da ya kamata kowa ya yi amfani da shi. Yana karɓar kuɗi a hannu ko ta Bankak, manhajar banki ta waya, kuma saboda yadda darajar fam, kuɗin Sudan, take sauyawa farashin wannan makon ba lallai ya zama na makon gobe ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yaron shagon, wanda idan dattijon ya tafi masallaci yakan jera wa mata cututtukan da kajiji ke warkarwa, daga ciwon ciki har zuwa rashin haihuwa. An daɗe ana jiƙa saiwar nan ana sha a gargajiyance, amma shagon ƙamshi ba ɗakin likita ba ne, kuma mai juna biyu musamman bai kamata ta sha wani jiƙo bisa maganar mai awo ba. Haka nan buhunan suna bakin ƙofa a buɗe, rana da ƙurar kasuwa suna dukansu, alhali man da ke cikin saiwar mai tashi ne, zafi yana rage shi.

Shagon yana sayar da garin kajiji a ƙananan leda ga masu gaggawa, kuma shawarata ita ce a bar shi, domin a gari babu kara babu laka babu zare da za a duba, kuma ba a rubuta daga wane buhu aka niƙa shi ba. Wadda ke haɗa kayan biki ta sayi saiwar na ruwa guda-guda, wadda ba a niƙa ba, ta nemi a ɗebo mata daga tsakiyar buhu, ta fasa ɗaya ta duba cikinta, ta ƙara si'ida kaɗan idan dilka za ta yi, sannan ta zaɓe masu taushi ta sake shanya su. Idan tana son a niƙa mata, akwai injin niƙa a bayan layin wanda yaron shagon ke kai wa, sai dai ta bi shi ta tsaya a kai, ta kuma tabbatar an share injin tukuna, domin da shi ake niƙa citta da barkono.